Taga biyu a kan inci 11, da abin da na gani da na gwada babba

Aikina karatu ne da rubutu. Ana turo mini takardu masu tsawo, in karanta, in tsamo alƙaluma in zuba a jadawali, sannan in rubuta rahoto a kai. Ke nan kusan kowane lokaci ina buƙatar abu biyu a gaban idona, wani sa'in ma uku: takardar da nake karantawa, shafin da nake rubutu, da jadawalin lissafi. Da na yanke shawarar ajiye laftof in mayar da wannan aiki kan kwamfutar hannu, irin shafaffun nan da ake taɓawa da yatsa, mai inci 11 ce a hannuna. Ba ta da nauyi, cajinta yana daɗewa, ga alƙalami da nake ja wa jimla layi kamar a takarda ta gaske. Don karatu zalla, ba ni da ƙorafi a kanta har yau.

Sai na raba fuskar gida biyu, takarda a hagu, rubutu a dama. A ido abin gwanin sha'awa. Da aiki ya kankama ne na ga inda gizo ke saƙar. Inci 11 ɗin da ake faɗa awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan ka kwantar da na'urar, ainihin faɗinta kusan inci 9 ne, wajen santimita 23. Raba shi biyu, kowane ɓangare ya tashi da santimita 11 da 'yan kai. Shafin A4 kuwa faɗinsa santimita 21 ne, wato an matse shi zuwa kusan rabin girmansa. Rubutu ya ƙanƙance har sai na kanne ido. In sa yatsu biyu in buɗa shafin, in karanta rabin layi, in ja gefe in ƙarasa sauran rabin, in dawo farko. Idan akwai jadawali a cikin takardar, kafin in kai ga lambar da ke can ƙarshen dama na riga na manta sunan layin da take kai.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa a ƙarƙashi, wanda ya fi ƙanƙantar rubutu ɓata aiki. Manhaja ba girman na'ura take dubawa ba, faɗin tagar da aka ba ta take dubawa. Idan tagar ta yi ƙunci sai ta ɗauka a waya take, ta rikiɗe: jerin da ke gefe ya ɓace, maɓallan da ke sama su shige ƙarƙashin ɗigo uku, abin da kake yi da taɓi ɗaya ya koma taɓi uku. Da gangan aka tsara shi haka. A ƙa'idar da Apple ya ba masu ƙirƙirar manhaja, idan aka kwantar da iPad mai inci 11 aka raba shi daidai-wa-daida, duka manhajojin biyu tsarin waya suke samu, amma a mai inci 12.9 kowace tana samun cikakken tsarinta. A Android ma akwai irin wannan iyaka, wadda aka saba sawa a faɗin 600dp (dp shi ne ma'aunin da Android ke auna fuska da shi). Don haka mai ƙaramar na'ura da ya raba fuska, a zahiri wayoyi biyu ya jera kusa da juna.

Ga kuma kibod ɗin da ke fitowa a jikin fuska. Da na taɓa wurin rubutu sai ya taso ya cinye kusan rabin tsawon, ya rufe ƙasan takardar da nake kwafa daga ciki, ya bar mini 'yan layuka a sama. Ana iya ƙanƙanta shi ya koma ɗan ƙarami mai yawo, amma da wannan sai dai amsa saƙo, ba rubuta shafi goma ba. Ranar da na haɗa kibod na waje, sai na ji kamar an ƙara mini rabin na'ura kyauta. Duk wanda ke tunanin sayen babba saboda matsi, ya fara gwada wannan tukuna.

Ba mamaki abin ya zo da gargada, domin asali ba don haka aka ƙera waɗannan na'urori ba. iPad na farko da ya fito a 2010, mai inci 9.7, manhaja ɗaya yake nunawa a lokaci guda, kuma wannan sauƙin ne ya sa mutane suka so shi. Samsung ya fara jera manhaja biyu gefe da gefe a Galaxy Note 10.1 a 2012, da 'yan manhajoji ƙalilan da ya zaɓa. Apple bai kawo Split View (raba fuska gida biyu) da Slide Over (ƙaramar taga da ake jawowa daga gefe) ba sai a 2015, shekarar da ya fitar da iPad Pro mai inci 12.9, kuma a ganina ba dacewa aka yi ba, an san raba fuska yana neman fili. Android ya sa raba fuska a cikin tsarinsa a 2016. Samsung ya kawo DeX a 2017, ya sa shi a Galaxy Tab S4 a 2018, inda na'urar ke komawa tamkar kwamfutar tebur da tagogi masu hawa kan juna. Apple ya biyo da Stage Manager a 2022, manhaja huɗu a fuskar iPad, da farko ga iPad masu sabon injin Apple na M1 kawai, sai da masu tsofaffin na'urori suka yi ca sannan aka buɗe wa iPad Pro na 2018 da na 2020. A 2025 kuma iPadOS 26 ya kawo tagogi sak irin na Mac, har da maɓallan nan uku, ja da rawaya da kore. Ya cire Slide Over, mutane suka koka, aka dawo da shi a sabuntawar da ta biyo baya. Shekara 15 ana tafiya a hankali ana komawa tsarin da aka ce an tsere wa.

Da na samu damar buɗe tagogi barkatai a tawa, in ja su inda na ga dama, murna ta kama ni. Na buɗe takarda, da rubutu, da jadawali, da burauza, da imel. Bayan wani lokaci na lura rabin hankalina yana kan gyara tagogi ne. In matsar da wannan, ta rufe waccan. In kama kusurwa zan rage girma, yatsa ya goce ya taɓa abin da ke baya, taga ta tsallo gaba ta binne wadda nake aiki a kai. A fuska mai inci 11, taga biyar tuli ne kawai, ta saman ce kake gani, sauran gefensu ne ke leƙowa. Kuma ko da filin ya isa, ido ɗaya wuri ɗaya yake kallo. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Imel da ke buɗe a gefe bai taɓa sa na gama rahoto da wuri ba, sai dai ya janye ni duk lokacin da sabon saƙo ya faɗo.

Matsalar yatsa ta fi yadda ake zato girma. Apple yana ba da shawarar kada abin taɓawa ya gaza 44pt, Google kuma 48dp, wato kusa da santimita guda a kowane gefe, saboda kan yatsa yana da faɗi kuma yana rufe abin da yake taɓawa. Kibiyar linzamin kwamfuta (mouse) kuwa tana iya kama bakin taga mai siririn layi. Tagogi masu yawo an ƙirƙire su ne don linzami, shekaru da dama kafin shafa gilashi ya zama ruwan dare. Da na samu kibod mai wurin shafa yatsa a ƙasansa, duk wahalar jan kusurwa ta kau. Ja da sakewa daga taga zuwa taga ya zama wasa, musanya manhaja da maɓalli biyu ya fi kowace irin shafa sauri. Sai dai a nan mutum ya tsaya ya dubi abin da ke gabansa: fuska a tsaye, kibod, wurin shafa yatsa, tagogi. Laftof ce ya harhaɗa da hannunsa.

Wani abin da girman fuska ba ya magancewa shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM. Tsarin waɗannan na'urori daga waya ya samo asali, kuma ɗabi'ar waya ce ta kashe manhajar da ke baya idan wuri ya ƙure, ba tare da ta tambaye ka ba. Ya sha faruwa da ni in bar wani dogon fom a burauza na cika rabi, in leƙa takarda in ɗauko lamba, in dawo in tarar shafin ya sake lodi, komai ya goge. Tun daga nan, dogon bayani a manhajar rubutu nake fara shirya shi, sannan in kwafa in manna. Haka ma taron bidiyo: a wasu manhajoji da ka buɗe wani abu a gefe sai kyamara ta tsaya, abokan taro su ga hotonka ya daskare. Kafin ka tambayi inci nawa ce, tambayi RAM nawa ne a ciki, kuma ka gwada manhajojin da kai kanka kake aiki da su, domin akwai waɗanda har yanzu ba su yarda a sauya musu girma ba, ko su miƙe su cika fuska da farin fili ba komai a ciki.

Daga baya na samu aron manya guda biyu na yi aiki da su, mai inci 13 da wadda ta haura 14. Bambancin 11 da 13 a baki kamar ba komai, inci biyu kacal. Amma fili ba a layi ɗaya yake ƙaruwa ba, ta faɗi da ta tsawo yake ƙaruwa, don haka ƙarin ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari. A mai inci 13 ne na fara karanta shafi cikakke a hagu ba tare da buɗawa ba, manhajar rubutu kuma ta dawo da duk maɓallanta a dama. Na daina lura da tagogin kwata-kwata, aiki kawai nake yi.

Siffar fuskar ma tana da tata rawar, kuma masu talla ba su cika faɗa ba. Babban iPad yana da siffar 4:3, ya ɗan kusanci murabba'i. Galaxy Tab Ultra mai inci 14.6, da Samsung ya fara fitarwa a 2022, siffarsa 16:10 ce, doguwa. Idan ka yi lissafi, a kwance tsawon su biyun kusan ɗaya ne, wajen santimita 20. Duk ƙarin da ke cikin 14.6 a faɗi yake, kusan santimita 5. Ga mai karanta shafin takarda da na'urar a kwance, ba a ƙara masa layi ko ɗaya ba. Ga mai son jera abu uku, ko jadawali mai ginshiƙai da yawa, ko mai tace bidiyo, wannan santimita 5 ɗin shi ne komai. A doguwar da na ara na iya ajiye jadawali siriri a gefe na uku, abin da bai yiwu ba a sauran.

Na fahimci masu kiran a yi musu mai inci 15 ko 16. Masu zane suna son fili kamar takardar zane, mawaƙa masu karanta rubutun kiɗa suna son shafi ya fito da girmansa, masu irin aikina suna son taga biyu cikakku da ta uku a gefe. Kamfanoni ma sun ji kiran: Lenovo ya fitar da Tab Extreme mai inci 14.5 a 2023, Apple kuma a 2024 ya kawo inci 13 a iPad Air, wanda a da sai a Pro ake samun girma irin wannan. Amma har 2025 iPad bai wuce inci 13 ba, kuma ina jin nauyi yana cikin dalilai. Galaxy Tab Ultra na 2022 ya haura giram 700 shi kaɗai. iPad Pro mai inci 12.9 na 2020, idan aka haɗa shi da Magic Keyboard, wato kibod ɗin da Apple ya yi masa, ya fi MacBook Air na lokacin nauyi. Samsung ya taɓa gwada mai inci 18.4 a 2015, Galaxy View, har da mariƙi a bayansa don ɗauka, kuma don kallo aka yi shi, ba don riƙewa a hannu ba.

Ni dai da doguwar nan ban iya karatu a kishingiɗe ba. Bayan 'yan mintuna wuyan hannu ya gaji, in jingina ta da gwiwa, ta zame, in tashi in nemi tebur. A tsaye kuma ta yi tsawo fiye da kima, sai ka riƙa ɗaga kai kana saukewa. Da yake a tebur ta ƙare zamanta, sai na ga ai monita ta fi ta. Da yawa daga cikin na'urorin da ke da tagogi na gaske yanzu suna iya fitar da su zuwa monita ta waya ɗaya ta USB-C, kuma inci 24 ko 27 a tebur ya fi duk wata kwamfutar hannu da za a iya ƙerawa fili. A nan ma a bincika kafin a saya, domin wasu kwafin fuskarsu kawai suke turawa, da baƙin fili a gefe biyu, wasu ne ke ba ka fili na biyu da za ka ja taga zuwa can.

Inda na tsaya shi ne mai inci 13. A kanta taga biyu nake buɗewa, manne da juna, ba masu hawa kan juna ba, kuma nakan ba takarda kaso mafi girma idan mai jadawali ce. Abu na uku, ƙamus ko kalkuleta, yana zuwa ne a ƙaramar taga mai yawo da nake jawowa daga gefe in mayar. Imel da saƙonni suna can a wani fili dabam, sai na ga dama nake leƙawa. Ranar da aiki ya nemi taga huɗu da gaske, kamar lokacin da nake gwada rahotanni biyu da jadawali ina rubuta na uku, sai in jona monita, in bar takardar da nake yi wa alama da alƙalami a kwance a kan na'urar, sauran ukun su hau sama.