Yakuwar Kawu a bayan ɗaki

Ranar 20 ga Maris ina zaune shagon POS ɗina nan Gusau, kwastoma shiru, ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da wai ranar farin ciki ce ta duniya, kuma wai ƙasar Finland ce ta ɗaya a jerin ƙasashen da suka fi farin ciki, tun 2018 ba wanda ya ƙwace musu. Na yi dariya ni kaɗai, nace to Allah ya ba mu irin nasu, koda yake da wannan sanyin nasu ban san ta ina farin cikin ke shiga ba.

Ni dai na san nawa. Wata takwas na yi ina adashi don wayar nan da ke hannuna, ranar da na ɓare ta daga kwali ko barci ban yi ba, amma wallahi sati biyu ba a yi ba ta zama waya kawai, yanzu hankalina ya koma kan mashin.

Da dare na kai ma Kawu maganar. Kawu mutumin wajen Anka ne, shekara uku kenan 'yan bindiga suka tashe su, yana zaune ɗakin ƙofar gidanmu. Nace Kawu wai ku a ganinku mene ne jin daɗi? Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi, sannan yace "ɗana, mu ai mun ga kuɗɗi da idonmu."

Ya kama ba ni labarin lokacin zinari. Mutane suka watsar da fartanya suka shiga rami, ana kwaso dutse a kawo har cikin gida, mata na dakawa, ana kai wani injin niƙa, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Kuɗi suka shigo, samari suka sayi mashin sabo fil, wasu suka ƙara aure, ko'ina kiɗa. Ashe dutsen nan cike yake da dalma. A 2010 abin ya fito fili a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu, irin su Bagega sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo wata, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suna ba yara magani. Kawu yace "kuɗɗin da munka yi murna da su, su anka sayi likkafani da su." Ban iya cewa uffan ba.

Sai na sake tambaya, to yanzu fa Kawu? Yace ba mota ba, ba bene ba, shi dai ya ji ƙamshin ruwan farko, ya saɓa fartanya ya tafi gonarsa ba tare da ya biya wani ɗan daji haraji ba, ya dawo ya kwana bai ajiye takalmi kusa da kai ba.

Da asuba na fito sai na hange shi bayan ɗaki a tsugune. Ashe ya samo tsofaffin bokitan fenti guda huɗu ya shuka yakuwa da barkono, ragowar ruwan alwalarsa yake tarawa yana ba su, a wannan ranin da jarkar ruwa ke neman fin ƙarfinmu. Yana ta juya ganyen ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, ya ɗago yace "zo ka gani, wagga ta yi huda."