Godiya bayan taron Ranar Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya

Assalamu alaikum. A madadin likitoci da ma'aikatan jinya da suka shirya taron 29 ga Oktoba, muna miƙa godiya ga iyayenmu malamai da limamai da 'yan'uwa da suka amsa gayyata. Allah Ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga malaminmu likitan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda ya warware mana yadda ake buɗe babbar jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa idan ta toshe. Kitse ne ke taruwa a bangonta har ta ƙuntata, sai gudan jini ya ɓalle ya haura ya toshe wata jijiyar a cikin ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Toshewa biyu ke nan a kan hanya ɗaya, shi ya sa aikin ke da wuya.

Ana fara ɗaukar hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin kai, a tabbatar ba jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa ba. Daga nan a huda jijiyar matsematsi, a zura siririn bututu har wuya ana kallonsa a allon hoto. Inda ya ƙuntata a hura ɗan balan-balan, wani lokaci a dasa ragar ƙarfe ta riƙe wurin, sannan a wuce sama a zuƙo gudan jinin ko a kamo shi da raga. A nan muke jinjina wa likitocin sa barci, domin hura balan-balan a wuyan kan rage bugun zuciya farat ɗaya, dole allurar atropine mai ƙara bugun zuciya ta kasance a kusa. Ragar ma tana da nata sharaɗin: in ba a ba da aspirin da makamantansa ba, jini ya daskare a cikinta ta toshe, in an bayar, haɗarin zubar jini ya ƙaru, musamman ga wanda aka yi wa allurar narkar da gudan jini. Bayan aiki kuma sai a tsare hawan jini sosai, kada jinin da ya dawo da ƙarfi ya fasa jijiya.

Tun 2015 bincike ya tabbatar da amfanin cire gudan jini ta wannan hanya cikin awa 6 da fara ciwon, a 2018 aka ga wasu na amfana har awa 24 idan hoto ya nuna akwai sauran ƙwaƙwalwar da za a ceta. Allurar alteplase mai narkar da gudan jini kuwa awa 4 da rabi ne wa'adinta. Abin da ke damunmu shi ne cibiyoyin da ke iya aikin a Najeriya kaɗan ne ƙwarai.

Mun gode wa iyayenmu mata da suka yi alƙawarin isar da saƙon gida-gida: baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a rubuta lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe, kada a ɗura masa ruwa ko magani domin zai iya shaƙewa, a nufi asibitin da ke da CT kai tsaye.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.