Hoton da ba ya motsi da idon jaririya 'yar wata bakwai

A semestar da ta wuce muka yi kwas a kan yadda gani yake girma a wurin yara, kuma gaskiya da farko ban ɗauke shi da wani muhimmanci ba, sai ranar da malaminmu ya haska mana wani hoto a bangon aji. Da'irori ne kamar macizai sun nannaɗe, baƙi da shuɗi da fari da rawaya. Aji ya ɗauka "Malam ai wannan bidiyo ne", shi kuwa bai yi musu ba, takarda kawai ya zaro wadda aka buga hoton a jiki ya miƙo mana. Wallahi a takardar ma juyawa suke. Wanda ka tsura wa ido ya tsaya cik, na gefensa su ci gaba da wulwulawa a hankali.

Farfesa Akiyoshi Kitaoka na jami'ar Ritsumeikan da ke Japan ne ya zana shi a 2003, sunan da ya sa masa ma yana nufin macizai masu juyawa. Sirrin yana cikin jerin kalolin, baƙi sai shuɗi sai fari sai rawaya, haka ake ta maimaitawa a zagaye. Bayanin da aka fi yi shi ne ƙwaƙwalwa tana amsa wa baƙi da fari da sauri fiye da sauran biyun, to wannan 'yar tazarar ce take fassarawa da motsi, kuma duk sanda ka ƙifta ido ko idon ya ɗan gusa sai abin ya dawo sabo.

Sai malam ya jefo mana tambaya, shin jariri yana ganin wannan juyin? Ni da nake da 'yar yayata a gida, wata bakwai lokacin, ban ma jira gari ya waye ba. Na buɗe hoton a waya na sa mata a gaba, yarinya ta ƙura ido ko ƙiftawa ba ta yi, ni da uwarta muna ta murna. Washegari na tari malam a bakin ofis na ce Malam na samo amsa, tana gani. Ya ce "To ke da me kika kwatanta?" Na yi shiru. Ya ce waya ce mai haske da kala a gaban yaro, ko hoton bulo kika buɗe mata za ta kalla.

Maganar nan ta zauna mini sosai, don ita ta sa na koma na karanta aikin Robert Fantz da kyau, ba karatun cin jarabawa ba. Shi ne mutumin Amurka da tun ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa jariri yana amsa tambaya da idonsa, a sa masa abu biyu gefe da gefe a auna wanda ya fi daɗewa yana kallo. Abu biyu fa, ba ɗaya ba. Davida Teller ta jami'ar Washington ta ƙara ɗaure hanyar, ta ce mai lura da idon yaron kada ya san a wane gefe aka sa hoton da ake nufi, saboda ɗan adam abin da ransa yake so shi yake gani. Ni kuwa ni na riƙe wayar, ni na san amsar da nake so, ni na yanke hukunci.

Da wannan hanyar So Kanazawa da Masami Yamaguchi tare da shi Kitaoka suka gwada jarirai 'yan wata 6 zuwa 8, suka wallafa a 2013. Sun ajiye hoto mai ruɗin motsi kusa da wani mai kama da shi ƙwarai amma ba ya juya wa babba, sai jariran suka fi daɗewa a kan mai juyin. Ba su tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi burge ni, suka sake haɗa wasu hotunan da irin ƙananan zanen dai amma babu ruɗin, nan kuma jariran ba su fifita kowanne ba.

Da ni a ganina ruɗin ido rauni ne, wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta nuna ba shi za a fi ruɗa. Ashe ba haka ba ne. Kafin hoto ya yaudare ka da motsin ƙarya sai ƙwaƙwalwarka ta riga ta iya karanta motsin gaske, kuma wannan ba a haihuwar yaro da shi a kammale. Binciken John Wattam-Bell da Janette Atkinson da Oliver Braddick a Ingila ya nuna sai wajen wata biyu jariri yake fara bambance motsi zuwa dama da motsi zuwa hagu. Kenan yarinyar da ta fi kallon macizan nan tana nuna mana wani aiki ya kankama a kanta. A ɗaya ƙarshen kuma an ga ruɗin yana raguwa a wurin tsofaffi, ni ma da na nuna wa kakarmu cewa ta yi "Ke 'yar nan, me yake juyawa a nan?"

Ga asainmen ɗina sai na sake gwajin. Na buga takardu biyu, ƙanina ya riƙa sauya musu gefe ba tare da na gani ba, uwarta ta zaunar da ita a cinya, ni kuma ina bayan kwali ina leƙen idonta ta 'yar huda. Aikin ba sauƙi, yaro ya kalli nan ya kalli can ya kalli fanka, ga shi ba ya jure zama. Malam ya ce in rubuta abin da ido ya yi kawai, daƙiƙa nawa dama daƙiƙa nawa hagu, kada in rubuta "ta ga macizai suna juyawa", kuma yaro ɗaya ba ya zama hujja. Haka na yi. Sau biyar muka samu gwadawa kafin ta miƙo hannu ta fizge takardar ta kai baki, uwarta ta ce "Ya isa haka, lokacin nono ya yi."