Lambar da ta tayar min da hankali

Yau da na tayar da motata mai aiki da lantarki, allo ya nuna saura kilomita 210 kafin caji ya ƙare. Na hau babban titi na taka wuta, ga iyakwandishan a kunne. Ban wuce kilomita 20 ba sai na ga 165. Wallahi gabana ya faɗi, na ɗauka batirin ne ya fara lalacewa.

Da na zo gangare na ɗage ƙafa, motar ta shiga mayar da caji cikin batir, lambar ta haura 172 ina kallo. Ashe ƙiyasi take yi da tuƙin da na yi ɗazu, kuma yawan gudu na sa iska ta ƙara tare mota, sai ta fi cin caji. Har na isa ina tunanin ƙafata ce ke motsa lambar nan.