Maki ɗaya na zuba wa kowa

Ƙannena da kuka samu aikin gwamnati kwanan nan, ku ɗan saurare ni, don wata rana kuma za a baku sashe ku riƙe, ko da mutum biyar ne a ƙarƙashinku.

Lokacin da na kai matakin albashi na 12 aka bani sashen rajista, mu takwas. Akwai wani yaro da ya shigo a mataki na 08 bayan ya gama bautar ƙasa, shi ke fara zuwa ofis, fayil ɗin da ya shekara biyu da ɓata shi zai tono maka shi, ga wasu kuma sai sha ɗaya ta gota su leƙo su sa hannu su wuce kasuwa. Ƙarshen shekara aka kawo fom ɗin APER, wanda ake ba ma'aikaci makin ƙwazonsa na shekara a ciki, in cika, wallahi maki ɗaya na zuba wa kowa, wai don kar ace ni na tare wa wani ƙarin girma na hana shi cin abinci. Da aka turo gurbin bita a Kaduna mai ɗan alawus kuma sai na ba wanda yafi zama a ofishina muna hira.

Yaron bai ce min uffan ba. Wata uku kawai shima ya fara zuwa sha ɗaya.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan albashi, kuma gaskiya ne baya isa, mafi ƙarancinsa dubu 18 ne a 2011, ya koma dubu 30 a 2019, sai dubu 70 a 2024, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023 yana lashe shi. To amma albashi ba a hannuna yake ba. Abin da ke hannuna shine maki, da gurbin bita, da takardar yabo da zan rubuta a sa masa a fayil, da in ambaci sunansa gaban darakta in ce wane ne yayi aikin nan. Ko ɗaya ban yi ba, kuma abin na ci min rai har yau.

Dan Allah in an baku fom ku rubuta abin da idonku ya gani, wanda bai yi aiki ba ku kira shi tun tsakiyar shekara ku faɗa masa a fuska, kar ku jira Disamba. Shi dai yaron daga baya ya nemi canji ya koma wata ma'aikatar, mun fi shekara muna neman wanda zai iya riƙe fayilolin da ya bari a tsare.