Asabar, kukan birki

Ruwan daren jiya ya jiƙa Garwa sharkaf, har yanzu ƙofar gidanmu taɓo ne. Na fito da sassafe zan kai Maman Ummi kasuwa, ina taka birki sai ƙiiii. Ban damu ba don in an kwana ana ruwa diski, wato faifan ƙarfen da birki ke matsewa, kan yi tsatsa-tsatsa, ka taka sau uku huɗu ta goge. To amma yau mun wuce Yelwa, rana ta fito, ƙarar na nan siririya kamar kukan gyare, kuma abin da ya ɗaure min kai in ina tafiya take yi, in na taka birkin sai ta ɗauke.

Na ajiye Maman Ummi na wuce garajin Kawu. Ina isa yaronsa ya ce a canja komai da komai, plaket, wato takalmin birkin da ke matse diski, da diskin kansa. Kawu ko kallonsa bai yi ba, yana shan shayinsa ya ce zauna ɗana, ba a yi wa mota magani sai an ji ciwonta. Da safe kawai take yi ko duk yini? Gaba ko baya? Feda na rawa a ƙarƙashin ƙafarka? Sitiyari na karkarwa? Na ce a'a Kawu, ba rawa, ƙara ce kawai daga gaba ta hagu. Ya ce to in feda na rawa diski ne ya karkace ko ya cinye ba daidai ba, in gurr-gurr kake ji kamar ana wasa wuƙa a dutse to plaket ya ƙare ƙarfe ke cin ƙarfe, in kuma kwas ne sau ɗaya duk taka birki a duba ƙusoshin da suka riƙe shi ko sun kwance. Wani lokaci ma tsakuwa ce kawai ta maƙale tsakanin diski da farantin bayansa, da hanyoyin nan namu ba abin mamaki ba. Amma naka, in ji shi, na san shi tun kafin a cire taya.

Aka ɗaga mota aka cire. Ya nuna min wani ɗan harshen ƙarfe a gefen plaket ɗin, ya ce da gangan aka sa shi, in naman plaket ya rage kamar milimita 2 ko 3 sai ya fara gogar diski yana kuka don mai mota ya ji. Sabo kan kai milimita 10 ko fiye. Nawa wallahi bai fi kaurin kwali ba. Ya buɗe bonet ya nuna min man birki ya sauka, ya ce haka yake yi in plaket na cinyewa, kar in cika kawai in tafi. An canja na gaba duka biyu, ya ce ba a canja ɓangare ɗaya. Diski ya tsira alhamdulillah. Kuɗin aiki ƙin karɓa ya yi kamar kullum, sai yaron na ba na shayi.

Na dawo da farin cikina, mota shiru. Muna cin tuwo ina ba da labari sai Auta ya ce ai Yaya motar ta daɗe tana yi, tun ranar da na kai Hajiya Pitowa, rediyo na ƙara wa murya. Sati uku kenan. Abincin ya fita min a rai. Na ce Auta Hajiya ce fa a ciki, ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗauka ƙura ce. Ban yi masa faɗa ba, don ni ma a sati ukun nan kullum gilashi a rufe nake kai yara makaranta, ban ji ba. Kuma sati mai zuwa nake shirin zuwa Ngawundere, dawowa sai an gangaro dutsen nan mai kwana-kwana da manyan motoci, inda birki ke ɗaukar zafi ko lafiyarsa lau. Tun magariba gangaren nan nake gani, da Ummi a kujerar baya.

Wuta ta ɗauke tun bayan isha'i, sauro kam ba a magana. Birkin baya ba mu buɗe ba, tambur ne, wato irin mai kamar ganga ba diski ba, Kawu ya ce in dawo Litinin da sassafe kafin garaji ya cika.