Daga Singafo zuwa New York, awa 18 ba sauka

Jama'a wai kun san akwai jirgin da ke tashi daga Singafo bai sake taɓa ƙasa sai New York? Kilomita dubu 15 da ɗari uku da 'yan kai, sama da awa 18 mutum na ƙunshe a kujera ɗaya. Mu da daga Kano zuwa Jidda, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba, za ka ga alhaji ya fara miƙa yana tambayar ko an kusa. To ka ninka wannan kusan sau huɗu.

Kamfanin Singapore Airlines ne ke wannan aikin da jirgi samfurin Airbus A350-900ULR, tankinsa na shanye mai har lita dubu 165, kuma kujeru 161 kacal suka sa a ciki, babu ma ɓangaren talakawa irin namu sam, don in aka cika shi da mutane da kaya nauyi zai yi yawa man ba zai kai ba. Matuƙa huɗu ne, biyu na tuƙi biyu na barci, sai a yi canji.

Amma ni abin da ya fi ɗaure min kai hanyar ce. In ka shimfiɗa taswira ka ja layi miƙaƙƙe tsakanin biranen nan biyu sai ka ɗauka ka gano gajeriyar hanya, ina! Duniya a dunƙule take, taswira kuma an baje ta ne, don haka mafi kusa shi ne a haura arewa can wajen ƙanƙarar ƙurewar duniya sannan a gangaro. Kuma ko ita ɗin ba kasafai suke binta ba, saboda akwai wata iska mai ƙarfin gaske can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ita matuƙan ke farauta ta riƙa tura su ta baya, to shi ya sa in an taso daga Singafo yawanci sai a bi ta wajen Japan a tsallake tekun Fasifik a ɓullo ta Alaska da Kanada, a komawa kuma sau da yawa maimakon a juya ta inda aka zo sai a ci gaba da nausawa gabas ta Atlantika da Turai har Asiya. Ka ga zuwa da dawowa an kewaye duniya kenan. Hanyar ta ƙara tsawo a kilomita amma an rage lokaci da mai, kuma wallahi lissafin nasu ya burge ni, don haka duk lambar nisan da ka gani a intanet kar ka ɗauka ita jirgin ya bi.

Sai rikicin agogo, bambancin awa 12 ne tsakaninsu, lokacin sanyi 13, sha biyun ranar Singafo sha biyun daren New York. Ni kam ko kyauta aka ba ni tikitin sai na nemi wanda zai yada zango a Frankfurt ta Jamus in miƙe ƙafa.